Daga Kaskon Mazarƙwaila Zuwa Buhun Taki: Yadda Sinadaran Kabon Ke Sauyawa a Ƙasar Danja

Ƙasar Danja, wadda take kudancin Jihar Katsina tana maƙwabtaka da Funtua da Bakori da Kafur, ta yi suna a noman rake da tumatir da masara, kuma kusan duk wata sana'a da ta rataya a kan waɗannan amfanin gona, tun daga dafa mazarƙwaila har zuwa zuba taki da feshin maganin ƙwari, aiki ne na sauya wani sinadari ya koma wani, ko da masu yin aikin ba su taɓa kiran sa da wannan suna ba. Fannin ilimin da ke bin diddigin irin waɗannan sauye-sauye shi ne reshen kemistiri da ake kira oganik, wato nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon, baƙin abin nan da gawayi ya ƙunsa. Ɗaliban sakandare sukan gamu da shi gab da jarrabawar WAEC da NECO, su haddace sunayen nau'o'in sauyi kamar yadda aka jera su a allo, amma da wuya a nuna musu cewa abin da suke haddacewa yana faruwa a gonar mahaifinsu da madafar mahaifiyarsu, kuma wannan giɓi asara ce babba, domin ilimin da ya fi sauƙin kamawa shi ne wanda ido ya riga ya saba da shi.

Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam, idan kuma atam biyu ko fiye suka ɗauru da juna sai a kira tarin molikul. Ɗaurin da ke riƙe su, kamar yadda Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana a 1916, ba komai ba ne illa ilektiron biyu da atam biyu suka yi tarayya a kansu, ilektiron kuwa su ne 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ke kewaye kowane atam. Tun a 1858 August Kekule na Jamus ya nuna cewa kabon yana da hannu huɗu, yana kuma iya kama ɗan'uwansa kabon su yi dogon jeri, daga baya kuma aka gane suna yin zobe ma, shi ya sa sinadaransa suka kai miliyoyi. Ɗan bambanci kaɗan a tsarin ɗauri yakan haifar da bambanci mai girma a aikace: sitacin da ke cikin masara da zaren audugar da ake gurzawa a Funtua duk jerin sukari iri ɗaya ne mai suna gulukos, sai dai fuskar da kowane ɗauri ya kalla ta bambanta, don haka cikin ɗan'adam yake narkar da tuwo amma ba ya narkar da auduga.

Sauyin sinadari yana aukuwa ne idan wani ɗauri ya tsinke wani kuma ya ƙullu, bayanin matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya kuwa, wato wane ɗauri ne ya fara tsinkewa, ina ilektiron suka nufa, wane abu ne ya bayyana na ɗan lokaci ya ɓace, shi masana ke kira hanyar sauyi. Mabuɗin fahimtar yawancin waɗannan hanyoyi guda ɗaya ne. Wasu atam, musamman oksijin da naiturojin, sun fi kabon ƙarfin janyo ilektiron, saboda haka a cikin molikul guda akan sami wurin da ilektiron suka yi yawa da wurin da suka yi ƙaranci, ana iya kiran na farko mawadaci, na biyu kuma mabukaci. Kamar yadda ruwa ke gangarawa daga tudu zuwa fadama, haka ilektiron ke tafiya daga mawadaci zuwa mabukaci, kuma a kan wannan ƙa'ida Christopher Ingold da Edward Hughes suka tsara fannin a Landan cikin shekarun 1930. Littattafai sukan kasa sauye-sauyen gida huɗu, wato musanya da ƙari da cirewa da sake jeri, su kuma haɗa da ƙonuwar sannu da oksijin ke haddasawa, amma a rayuwa ba sa zuwa a jere haka, sukan cakuɗu ne a tukunya ɗaya.

Babu inda wannan cakuɗuwa ta fi fitowa fili kamar wurin dafa mazarƙwaila. Ana tura rake tsakanin ƙarafan injin matsa, ruwansa ya kwarara yana da launin kore-kore mai duhu, a juye shi cikin babban kaskon ƙarfe, a hura wuta da busasshen karan raken da aka riga aka matse. Da farko kumfa mai datti ce ke tasowa ana kwashewa, sannan ruwan ya yi ta tafasa yana raguwa, launinsa yana komawa ruwan zuma, ƙamshi yana cika wurin, har ya yi kauri ya riƙa fitar da manyan ƙwayoyin tururi masu fashewa a hankali, a nan ne mai dafawa, wanda idonsa da hannunsa ne ma'auninsa, yake sauke shi ya juya ya zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Masu auna zafi sun samu cewa irin wannan dahuwa takan kai gaɓar saukewa ne a wajen digiri 118 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ake so a ƙarshe shi ne curi mai tauri, mai haske, wanda zai jure ajiya da tafiya, abin da ake gudu kuwa shi ne baƙi mai danƙo da ke narkewa da zarar iska ta yi laima, kuma bambancin waɗannan biyun yana ga abin da ya sami molikul guda ɗaya.

Sukarin rake, wanda ake kira sukuros, yana da atam 12 na kabon da 22 na haidurojin da 11 na oksijin, kuma a haƙiƙa sukari biyu ne, gulukos da furuktos, da atam ɗaya na oksijin ya haɗa kamar gada. Sukuros yana daskarewa ya yi ƙwaya cikin sauƙi, amma idan gadar ta karye, cakuɗen gulukos da furuktos da ake samu ba ya son daskarewa, yana kuma zuƙar ruwa daga iska. Ruwan rake da ma yana da ɗan tsami, tsami kuwa a harshen kemistiri yana nufin yawaitar haidurojin da ya rasa ilektiron ɗinsa, wanda shi ne mabukaci mafi ƙanƙanta. Wannan haidurojin yakan manne wa oksijin ɗin gadar, sai ɗaurin da ke tsakanin oksijin ɗin da kabon na furuktos ya yi rauni ya tsinke, gulukos ya tafi abinsa, a bar kabon ɗin furuktos cikin matsananciyar bukatar ilektiron, nan take kuma molikul ɗin ruwa, wanda oksijin ɗinsa mawadaci ne, ya cike gurbin, ya saki haidurojin guda ya koma cikin kasko. Abin lura a nan shi ne haidurojin ɗin da ya fara aikin ya dawo yadda yake, zai kuma iya karya wata gadar, da wata, ba iyaka. Irin wannan abu da ke hanzarta sauyi ba tare da ya ƙare ba shi ake kira katalis, aikinsa kuwa aikin dillali ne, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a ƙulla ciniki, ya wuce ga na gaba. Sauyin kansa, wato tsinka ɗauri da taimakon ruwa, sunansa haidirolisis, kuma reshe ne na musanya, domin ruwa ne ya maye gurbin gulukos.

Musanya tana da hanya biyu da Hughes da Ingold suka bambance, kuma rumfar kasuwa za ta taimaka wajen gane su. A hanya ta farko mai rumfa yakan tashi tukuna, rumfar ta zauna babu kowa na ɗan lokaci, sannan wani ya shiga, saboda haka saurin al'amarin ya dogara ne kacokan ga lokacin da na farkon ya tashi, wannan ita ce hanyar da sukuros ke bi cikin tsami. A hanya ta biyu sabon shiga yakan turo ne ta baya a daidai lokacin da tsohon ke fita ta gaba, cikin mataki ɗaya, har sauran hannuwa uku na kabon ɗin su juye zuwa ɗaya ɓangaren, juyewar da Paul Walden ya fara ganowa a 1896 tun kafin a san dalilinta. Ba ƙaramin abin sha'awa ba ne cewa wannan karyewar sukuros ita ce sauyi na farko da aka taɓa auna saurinsa da lissafi, lokacin da Ludwig Wilhelmy ya nuna a 1850 cewa saurin yana tafiya ne daidai da yawan sukarin da ya rage, haka kuma a kanta ne Leonor Michaelis da Maud Menten suka gina ƙa'idarsu ta aikin enzayim a 1913, ƙa'idar da har yau ake koyar da ita ga ɗaliban likitanci da haɗa magunguna.

Enzayim dillali ne da jikin mai rai ke ƙerawa, kuma rake yana da nasa mai suna inbatas, wanda aikinsa shi ne karya wannan gada. Da zarar an sare rake, inbatas yana ci gaba da aiki, ƙwayoyin bakteriya kuma suna shiga ta bakin saran suna cin sukari suna ƙara tsami, ga zafin rana yana hanzarta komai. Saboda haka raken da aka sare ya kwana biyu ko uku a jibge, ko ruwan da aka matse aka bari yana jiran kasko, ko dahuwar da aka ja ta da tsawo a kan wuta marar ƙarfi, duk suna rage sukuros suna ƙara abin da ba ya daskarewa. Manyan masana'antun sukari sun san haka, shi ya sa suke ƙoƙarin matse rake cikin kwana ɗaya da sara, suke kuma zuba ruwan farar ƙasa daidai gwargwado domin kashe tsamin, ba sa wuce gona da iri, domin idan kaifi, wato kishiyar tsami, ya yi yawa gulukos da furuktos sukan lalace su baƙanta ruwan. Gwanayen mazarƙwaila sun kai ga rabin wannan sani ta hanyar gwaji da asara, kuma sun cancanci a ba su sauran rabin a harshen da suke ji.

Launi da ƙamshin mazarƙwaila kuwa daga wasu sauye-sauyen suke fitowa. Gulukos da furuktos, saɓanin sukuros, suna iya buɗe zobensu su bayyana wani kabon da ke ɗaure da oksijin da ɗauri biyu, wanda mabukaci ne sosai, ruwan rake kuma yana ɗauke da ɗan amino asid, tubalan gina furotin, waɗanda naiturojin ɗinsu mawadaci ne. Naiturojin yakan kama wannan kabon, wannan shi ne ƙari, sai molikul ɗin ruwa ya fita, wannan shi ne cirewa, sannan atam ɗin su sauya mazauni a cikin molikul ɗin ba tare da wani ya shiga ko ya fita ba, wannan shi ne sake jeri, daga nan kuma hanyoyi su rarrabu zuwa ɗaruruwan sinadarai masu ƙamshi da launin ƙasa-ƙasa. Louis-Camille Maillard na Faransa ne ya bayyana wannan jerin sauyi a 1912, kuma shi ne ke ba tsire da ƙosai da gasasshiyar masara launinsu. Tunda sukuros bai iya shiga wannan sauyi sai an karya shi, raken da ya kwana yana jawo asara biyu a lokaci guda, mazarƙwaila ta ƙi tauri, ta kuma yi baƙi.

Sabulun gargajiya da mata ke dafawa da ruwan toka yana nuna wata fuskar ta haidirolisis, wadda kaifi ke jagoranta a maimakon tsami. Man gyaɗa da man shanu da man angurya, wato ƙwayar auduga, duk tsarinsu ɗaya, gilisarin ne riƙe da dogayen jerin kabon guda uku ta wani ɗauri da ake kira esta, sanin da Michel Chevreul ya aza harsashinsa a littafinsa na 1823. Tokar kara tana ɗauke da sinadarin fotash, wanda idan ya narke a ruwa yake samar da haidiroksayid, mawadaci mai ƙarfi, shi kuma ya kama kabon ɗin esta, a sami wani tsari na wucin gadi da bai iya tsayuwa, sai ya rushe ya saki gilisarin. Abin da ya rage shi ne sabulu, molikul mai doguwar jela da ke son maiƙo da kai mai son ruwa, shi ya sa yake iya kama dauɗa ya bi ruwa da ita. Mai karatu zai iya tambaya yadda aka san wane ɗauri ne ya tsinke alhali babu wanda ya taɓa gani da ido. A 1934 Michael Polanyi da abokin aikinsa Szabo suka yi amfani da ruwan da ke da oksijin mai ɗan nauyi fiye da na kullum, kamar a shafa wa akuya shuni kafin a sake ta cikin garke, suka bi sawunsa bayan sauyin, suka tarar bai shiga ɓangaren barasa na estar ba, wato takwaran gilisarin, ɓangaren asid ya tafi, wato takwaran jerin da ke zama sabulu, wanda ya nuna ainihin inda aka yanke. Da irin wannan bin sawu ake tabbatar da kowace hanyar sauyi, ba da zato ba.

Takin yuriya, fararen ƙwayoyin nan da manomin masara ke saye da tsada, yana da matsayi na musamman a tarihin fannin, domin a 1828 Friedrich Wohler ya same shi ta hanyar dumama wani gishiri da bai fito daga jikin mai rai ba, atam ɗin gishirin suka sake jeri kawai, aka fara gane cewa sinadaran jiki ba su da wata doka ta daban. Kashi 46 cikin 100 na nauyin yuriya naiturojin ne, amma shuka ba ta amfana da shi sosai sai wani enzayim na cikin ƙasa mai suna yuriyas ya taimaki ruwa ya kama kabon ɗinsa, ya fasa shi zuwa amoniya da iskar kabon. Amoniya iska ce, ita ce warin da ke tashi a turken dabbobi, don haka idan aka watsa yuriya a kan ƙasa mai ɗan danshi aka bar ta a rana, wani kaso na kuɗin manomi yakan bi iska cikin 'yan kwanaki, idan kuwa aka tona rami kusa da gindin shuka aka binne, ko ruwan sama mai ƙarfi ya shigar da ita, ƙasa takan riƙe amoniyar har saiwa ta sha. Shawarar da malaman gona ke bayarwa ta a binne taki daga nan ta samo asali.

Ƙari a tsantsarsa ya fi bayyana a sinadaran da kabon biyu suke ɗaure da ɗauri biyu, domin ɗauri na biyun ba shi da ƙarfin na farko, yana iya buɗewa ya karɓi baƙi. Mafi ƙanƙantarsu shi ne etilin, iska mai kabon 2 da haidurojin 4, wadda tumatir ke fitarwa da kansa idan ya fara nuna, shi ya sa kwandon da aka cusa nunannu da ɗanyu tare yake nuna gaba ɗaya a hanyar Legas. Wannan etilin ɗin dai, idan aka sa dubbansa suka buɗe ɗauri suka kama juna a jere, shi ne ledar da ake ƙulla kaya a kasuwa, wadda ma'aikatan kamfanin ICI suka gano a Ingila a 1933, kuma dalilin da ya sa leda ke shekara da shekaru a gona ba ta ruɓe ba shi ne jerinta kabon da haidurojin ne zalla, babu mawadaci babu mabukaci, ruwa da enzayim ba su da wurin kamawa. Man angurya da man gyaɗa su ma suna da irin wannan ɗauri biyu, shi ne ya sa suke ruwa-ruwa, kuma ta gefensa oksijin ke shiga idan mai ya daɗe a rana ko aka yi ta maimaita suya da shi, har warinsa ya canza ya riƙa kartar maƙogwaro. Wannan lalacewa tana bin wata hanya ce dabam, inda ɗauri ke rabewa biyu kowane ɓangare ya tafi da ilektiron ɗaya, kowane guntu kuma ya haifar da wani, kamar wutar daji, shi ya sa ajiye mai a rufe cikin inuwa yake tsawaita kwanansa.

Akwai wurin da sanin hanyar sauyi ya wuce maganar riba ya zama maganar rai, shi ne maganin ƙwarin da ake kira fiya-fiya da danginsa, waɗanda yawancinsu ke ɗauke da daikulobos ko makamancinsa daga dangin sinadarai masu fosfaras. A jikin ƙwaro da na mutum akwai wani sinadari, asetilkolin, da jijiya ke saki domin ta umarci tsoka ta motsa, da kuma enzayim da ke fasa shi nan take domin tsokar ta huta. Asetilkolin esta ne, enzayim ɗin kuma yana fasa shi ta hanya mai kama da ta sabulu, wani oksijin mawadaci da ke jikinsa ya kama kabon ɗin estar, ruwa ya zo ya kwance shi, ya koma aiki, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Fosfaras ɗin maganin ƙwari shi ma mabukaci ne, sai oksijin ɗin enzayim ya kama shi ta hanyar musanya, amma wannan karon ruwa ba ya iya kwance ɗaurin sai da ƙyar bayan dogon lokaci, dillalin ya maƙale, saƙon jijiya ya taru babu mai share shi. Daga nan ne alamun ke fitowa, yawu da gumi da hawaye suna zuba, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta riƙa rawa, majina ta cika ƙirji, numfashi ya gagara. Enzayim ɗin ƙwaro da na ɗan'adam kusan iri ɗaya ne a wurin da maganin ke kamawa, maganin kuma yana ratsa fata yana bin numfashi, saboda haka feshi ba tare da rufe jiki da hanci ba, da yayyafa shi a buhun wake ko masarar da za a ci, da fesa shi a ɗakin da yara za su kwana, duk shayar da jiki guba ne kaɗan-kaɗan. Kaifi yana hanzarta fasa irin waɗannan magunguna, don haka ruwa mai kanwa-kanwa yake rage musu ƙarfi a cikin tankin feshi, wanda kuma maganin ya zubar wa a jiki, abin yi shi ne a cire masa tufafin nan take, a wanke fatar da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin sunan sinadarin da ke rubuce a jikinta ne zai nuna wa likita ko allurar atirofin ce ta dace.